Tsayuwar mai tulu

 Mu ne matan da ke zama ranar Laraba bayan la'asar a tsakar gidan shugabarmu, a wani gari da ke kan hanyar Tasawa. Mu 27 ne. An ce mu rubuto labarin rabon kuɗin da muka yi a ƙarshen zagaye, amma da muka zauna shawara sai muka ga rabo dai kowace ƙungiya na yin sa. Abin da ba mu taɓa gani an rubuta ba shi ne labarin kafaɗa, alhali kafaɗa ce ta kusa ɓata mana lissafi bara.

Akwai ɗaya daga cikinmu, mai ƙuli-ƙuli da man gujiya, mace ce da ba ta taɓa makara da zubi ba. Bayan kaka, lokacin da gujiya ke da araha, ta ɗauki bashin jika 30. Watan farko ta biya abin da ya hau kanta. Wata na biyu shiru. Sai ta fara aiko ɗiyarta da dala hamsin ɗin zubi, ita kuwa ba ta zuwa. Kun san halinmu, magana ta fara yawo. Wasu suka ce ta sa kuɗin a biki, wasu suka ce mai gida ya karɓe. Har an fara batun tara. Ranar da ta zo da kanta, muka ga kallabinta a kwance bisa kai ba ɗauri. Shugaba ta ce, "Ke kuwa mi ya same ki?" Ta ce hannun dama ne ba ya kaiwa ƙeya. Goyo ma sai an ɗaura mata. Sati biyar ke nan ba ta matsi mai ba, gujiyar na nan cikin buhu, kuma ɗan abin da ke hannunta ya tafi wajen mai tallar magani, tana sayen ƙwayoyi tana haɗiya safe da dare har cikinta ya fara zafi. Kunya ce ta hana ta faɗa, don a ganinta ciwon kafaɗa bai kai uzurin da za a kawo gaban akwati mai kwaɗo uku ba.

Muka buɗe asusun taimako muka ba ta kuɗin zuwa likita. Kafin a tashi, ma'ajinmu ta ce duk wadda wuya ko kafaɗa ko tsakanin kafaɗu ke damu ta ɗaga hannu. Fiye da rabinmu suka ɗaga. Muka dubi juna muka fashe da dariya, don wasu hannuwan ko kunne ba su kai ba.

A lokacin, ɗiyar ɗaya daga cikin masu riƙe mabuɗi ta zo hutu daga Yamai, inda take koyon aikin gashi da motsa gaɓoɓin marasa lafiya. Uwarta ta jawo ta zamanmu na gaba. Da ta ambaci motsa jiki sai tsakar gida ta ɗauki shewa. Mu za a koya wa motsa jiki? Mu da taɓarya ke hannunmu tun asuba, mu ja guga, mu ɗauko itace, mu tuƙa tuwon mutum goma sha? Yarinyar ba ta yi gardama ba. Ta ce, "Gaskiyarku, iyayena. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce babban mutum ya samu minti 150 zuwa 300 na motsi a sati, ku kuwa kuna cika wannan kafin Talata. Motsi kuna da shi har ya yi yawa. Abin da nake so mu duba shi ne yadda kuke riƙe kai da kafaɗu a cikin motsin." Ta kuma tuna mana abin da muka sani amma ba mu taɓa haɗa shi wuri guda ba: daka, wanki, shara da gajerar tsintsiya, tuƙi, tsintar hatsi, ɗinki, shayarwa, duk a gabanmu suke, duk ƙasa muke kallo. Cikin aikin yini guda babu wanda ke buɗe ƙirji ko ya ja kafaɗa baya.

Sai ta ce a kawo ƙwarya. Ta sa wata daga cikinmu ta yi tafiya daga bakin ɗaki zuwa rumbu hannu sake. Muka ga abin da kullum muke gani ba mu lura: haɓa ta yi gaba, kafaɗu sun zubo, bayan wuya ya lanƙwashe. Ta ɗora mata ƙwaryar da ɗan ruwa a ciki, ta ce ta koma. Nan take mace ta ƙara tsawo. Haɓa ta koma ciki, wuya ya miƙe, kafaɗu suka sauka suka buɗe, kunne ya daidaita da kafaɗa, kafaɗa ta daidaita da ƙugu. Ba wanda ya ce mata ta gyara. Yarinyar ta ce, "To, kun gani. Ba abin da na kawo muku daga Yamai. Kun iya tun kuna ƴan shekara bakwai. Da kun sauke kaya ne kuke sauke tsayuwar tare da shi."

Wannan magana ta zauna mana. Tun daga ranar muke ce mata tsayuwar mai tulu, kuma idan muka ga wata ta zube a kan tabarma sai mu ce, "Ina tulunki?"

Kada dai a ɗauka yabon ɗaukar kaya muke. Lita guda ta ruwa kilo guda ce, bido mai lita 25 kuwa kilo 25 ke nan, kuma ƙasusuwa 7 ne kawai a wuyan mutum, ƙanana, jere bisa juna. Wadda ke da halin raba ruwan biyu, ko ta tura a kura, ko ta haɗa kuɗi da maƙwabta a ɗauko a amalanke, ta yi. Ƴan mata ƙanana kuma a rage musu. Tsayuwar muke so, ba nauyin ba.

Dalilin da ta ba mu mai sauƙi ne. Kan babban mutum ya kai wajen kilo 5. Idan yana zaune daidai bisa wuya, ƙashi ne ke ɗauke da shi, naman wuya na hutawa. Idan ya leƙa gaba, naman bayan wuya da na saman kafaɗa ne ke riƙe shi kamar igiya, yini guda ba saki. Ta ce mu riƙe taɓarya a tsaye da hannu guda: ba wuya. Ta ce mu karkata ta gaba kaɗan mu riƙe. Kafin a ƙirga ashirin hannu ya fara rawa. Wannan zafin da ke tashi daga ƙeya ya hau kai da yamma, wanda muke cewa rana ce ta buge mu, sau da yawa daga nan yake.

Batun kafaɗa ya fi ba mu mamaki. Ashe allon kafaɗa ba a manne yake da ƙashin baya ba. Yana kwance ne bisa haƙarƙari, nama ke riƙe da shi, abin da ya haɗa shi da sauran ƙasusuwa kawai shi ne ƙashin nan da ke kwance daga gindin maƙogwaro zuwa kafaɗa. Shi ya sa yake zamewa inda aka saba ja shi. Ku gwada wannan yanzu da kuke karatu, ko wadda ake karanta wa ta gwada: ki zauna ki dunƙule baya kamar mai tsintar shinkafa, ki ɗaga hannu biyu sama iyakar iyawarki. Ki lura inda suka tsaya. Yanzu ki ɗauki tulunki, ki sake ɗagawa. Za ki ga sun wuce, kuma babu wannan matsin a saman kafaɗa. To, ki tuna sau nawa muke ɗaga taɓarya a daka guda, da baya a dunƙule.

Kuskuren farko da muka yi, dukanmu, shi ne na soja. Da aka ce a miƙe sai kowa ta banƙaro ƙirji, ta matse kafaɗu baya da ƙarfi, ta turo ciki, ta ɗaga haɓa sama kamar ana faretin 18 ga Disamba. Minti biyu ba a yi ba ƙugu ya fara ciwo. Yarinyar ta yi ta dariya, ta ce wannan ma wata karkata ce, an dai juya ta baya. Ta kai mu jikin bango ɗaya bayan ɗaya. Dugadugai su ɗan matsa daga bango kamar faɗin tafin hannu, gwiwa a sake, mazaunai da allon kafaɗu su taɓa bango. Tsakanin ƙugu da bango a bar wurin da tafin hannu zai shiga, ba dantse duka ba. Ƙasan haƙarƙari ya sauka, kada ya tashi gaba. Sannan ƙeya ta nufi bango, ido na kallon gaba sosai. A nan aka sha wahala. Da yawa cikinmu ƙeya ba ta kai, sai mu ɗaga haɓa don mu yi wayo. Ta ce a'a, wadda tata ba ta kai ba ta naɗe gammo ta sa a bayan kai, a hankali za a rage kaurinsa. Tsofaffinmu biyu har yau da gammonsu, kuma ba laifi.

Daga nan ne abin da muke yi kowace Laraba ya samo asali. Minti goma ne kafin a buɗe akwati. Muna rufe ƙofar gida, mu cire hijabi don kowa ta ga wuyan ƴar'uwarta, mu tsaya biyu-biyu, ɗaya na yi ɗaya na duba ta, tunda ba mai ganin bayanta.

Mukan fara da jan haɓa. Ba sunkuyawa ba ce, ba ɗaga kai ba ce: kai ne ke zamewa baya a miƙe, kamar an kawo miki abu mai wari kusa da hanci. A riƙe a ƙirga biyar, a saki, sau goma. Ba kyan gani, mun sani, wuya har ninki yake yi, kuma nan ne ake fin dariya. Sai kallabi. A riƙe shi da hannu biyu a gaba, daidai ƙirji, a ja kamar za a yaga, har a ji allunan kafaɗa sun matso juna sun ɗan sauka. Abin da mai duba ke tsaro shi ne kada kafaɗu su hau kunne. Wannan hawan kunnen shi ne babbar cutarmu. Mun gano muna yin sa wajen tuƙi, wajen wanki, har wajen ƙirgar kuɗi. Idan suka hau sai mai duba ta ɗora yatsa bisa kafaɗa, ba sai ta yi magana ba.

Akwai tura bango. A tsaya taku guda daga bango, tafin hannu daidai kafaɗa, a kai ƙirji kusa a dawo. Jiki daga ƙeya zuwa dugadugai ya tafi tare kamar ƙyaure, ba haɓa ta riga zuwa ba, ba ƙugu ya lotsa ba. Gwiwar hannu kada ta buɗe kamar fiffiken kaza, ta ɗan nufi ƙasa. Na ƙarshe shi ne wanda muka fi so, don shi ne kishiyar aikinmu: a dafa kifaffen turmi da hannu guda, a lanƙwasa daga ƙugu da baya a shimfiɗe, a riƙe butalin ruwa mai lita ɗaya da rabi a ɗaya hannun, a jawo gwiwar hannu zuwa ƙugu kamar ana jan guga daga gefe. Wuya ya bi layin baya, ido na kallon ƙasa ɗan gaba kaɗan. Wadda ta ƙware sai ta koma ƙaramin bido mai lita 5. OMS ɗin nan ta ce a riƙa aikin ƙarfafa nama aƙalla kwana biyu a sati, don haka kowa ta ɗauki alkawarin ƙara rana guda a gida. Ba za mu rantse kowa na cikawa ba.

Abu guda da ta nanata har muka gaji da ji shi ne numfashi. Mun saba idan za mu yi abin ƙarfi sai mu ɗauke numfashi mu cije. Ta ce hakan na tayar da jini ya kuma danna mara, ga mu da masu hawan jini, ga waɗanda haihuwa ta bar su da ɗigar fitsari idan sun yi tari. A fitar da iska lokacin da ake ja ko turawa. Sai wata ta ce ashe shi ya sa masu daka ke yin "hah" idan taɓarya ta sauka. Ashe.

Minti goma a sati ba zai gyara abin da sa'o'i ke ɓatawa ba, wannan mun gane shi da wuri. Amfanin Laraba shi ne jiki ya tuna, sannan a kai tunawar bakin turmi. Wajen daka, mun ga masu tsayawa nesa da turmi su ne ke miƙa wuya da kafaɗa. A matso. A bar gwiwa da ƙugu su yi aikin, taɓarya ta sauka da nauyinta, ba sai an raka ta da wuya ba. Hannun da ke sama a riƙa sauya shi, ko da dakan zai ɗan yi nawa kwana biyu. Bahon wanki a ɗora bisa kifaffen turmi ko benci. Tsintsiya a ɗaura mata sanda, duk da surukai za su ce lalaci ne. Masu keken ɗinki su matso da kujera, su tashi bayan kowace riga. Mai shayarwa ta jingina, ta sa matashi ko naɗaɗɗen zane bisa cinya, ta kawo yaro wajen nono maimakon ta kai nono wajen yaro. Goyo kuma a ɗaure shi sama da kyau, don idan ya zame ƙasa dole uwa ta ranƙwafa ta tare shi. Ƴan matanmu da salula kuwa, wannan wani babi ne, mun bar shi sai wani jiƙon.

Ba kowa ta yarda ba. Babbar cikinmu, wadda duk muke kira Inna, ta ce shekara hamsin tana daka yadda ta ga uwarta na yi, ba ɗiyar cikinta da za ta gyara mata tsayuwa. Ta ce kuma ta san mata masu doro da ba abin da ke musu ciwo, ta san miƙaƙƙu kamar kara da ke kwana suna nishi. Muka zaci yarinyar za ta ji haushi, sai ta ce, "Inna, kin faɗi gaskiya. Ba wata tsayuwa guda da aka ce kowa sai ya yi ta daga safe har dare. Ko ta mai tulun, idan kika sandare a cikinta za ta gajiyar da ke. Abin da jiki ba ya so shi ne a daɗe a wuri guda, da kuma a ɗora masa ƙarfi yana karkace." A ganinmu nan ne maganar ta daidaita. Sunkuyo ba zunubi ba ne, ba yadda za a yi a tsinci hatsi a tsaye. Amma idan za a ɗaga nauyi, ko za a maimaita abu sau ɗari, to a ɗauki tulu tukuna. Inna dai har yau ba ta tura bango. Tana zaune tana gyara wa kowa, kuma idonta ya fi na kowa kaifi.

Akwai inda bango da kallabi ba su da aiki, kuma wannan muna roƙo a karanta shi da ƙarfi a kowane zama. Wuyan da ya sanƙare tare da zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani, musamman lokacin zafi da ƙura, ana tsoron sanƙarau ne: a tafi likita a ranar, ba gobe ba. Ciwon da ke sauka hannu da mutuwar yatsu, ko abu ya riƙa suɓucewa daga hannu, a je a duba. Nauyi ko matsi a ƙirji da ke tafiya hannu ko muƙamuƙi, da zufa da ƙarancin numfashi, ba na kafaɗa ba ne, yana iya zama zuciya. Haka wadda ta faɗi ko kaya ya karkace mata a kai, da wadda ta ji ƙullutu a nono ko hammata. Mai ciki da mai sabon jego su tambayi ungozomar likita kafin su shiga layi. A cikin motsin kansa, jan nama da ɗan gajiya ba komai, amma zafi mai suka alama ce ta a tsaya. Ƙwayoyin talla kuma, masu kashe ciwon jiki, idan aka daɗe ana sha suna cin ciki suna taɓa ƙoda, balle tramol da ke kama mutum ya kasa bari.

Ita mai ƙuli-ƙulin, da ta je likita har sukarin jininta aka auna, don ciwon sukari na cikin abubuwan da ke sa kafaɗa ta ƙage. Aka ce mata irin wannan kafaɗar watanni take ɗauka, ba a yi mata gaggawa. Muka zauna muka ɗaga mata biya wata biyu ba tara, abin da dokarmu ba ta tanada ba, sai da aka kaɗa ƙuri'a, kuma mutum huɗu ba su yarda ba. Dalilinsu ba na banza ba ne: sun ce gobe kowa sai ta zo da kafaɗarta. Daga baya muka rubuta a littafi cewa ɗagin sai da takardar likita. Wata ƴar ƙungiya ta karɓi matsar man, ita kuma tana suya da talla, suna raba riba. Ta gama biyan jika 30 ɗin sati uku kafin rabo. Hannun bai koma kamar da ba. Tana ɗaura kallabi yanzu, amma a gefe, wajen kunnen hagu, har ƴan mata biyu a unguwa sun fara kwaikwayon ɗaurin.

Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, abin da ake ƙirgawa a zamanmu kuɗi ne: zubi, bashi, tara, taimako. Mu yanzu sakatariyarmu ta ƙara layi guda a bayan littafi. Bayan kiran suna takan tambaya ko akwai wadda ciwo ya hana aiki a satin, ta rubuta kwana nawa. Larabar da ta wuce mutum uku ne: biyu wuya, ɗaya ƙugu. Zama mai zuwa za mu tattauna ko a cire wani abu daga ribar bana a sayi kura guda ta ɗaukar ruwa da za a riƙa karɓa bi da bi, ko a bar kowa ta ɗauki rabonta cikakke. Inna ta riga ta ce ita rabonta take so.